Tramol da "Red" a zangonmu: daga kemis suke fitowa ko daga wani wuri?

Baban Sadiya, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma akwai wata shawara a gabanmu wadda nake neman hasken masana a kanta kafin mu yanke hukunci. Shan ƙwaya a tsakanin samarinmu ya kai matsayin da ba ya ɓoyuwa. Kowace safiya mai shara yana kwashe fankon katin tramol da na jar ƙwayar nan da suke kira "Red" daga bakin kwata, kuma a cikin masu tuƙa pragiya da aboboya, wato kekuna masu ƙafa uku na fasinja da na kaya, da yaran da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia akwai waɗanda kowa ya san ba sa fara aiki sai sun haɗiya. Wasu daga cikin dattawanmu sun kawo shawarar a tara matasa majiya ƙarfi, a bi kantunan maganin unguwa ɗaya bayan ɗaya a yi bincike, duk wanda aka samu da tramol a rufe masa shago a kai shi gaban Sarkin Zango.

Abin da ya sa na ja baya shi ne lambar da ke jikin katin. Waɗanda ake tsinta a kwata an rubuta musu 225 ko 250, alhali tramol ɗin da likita ya rubuta wa ƙanena bayan an yi masa tiyata 50 ne a jikinsa, kuma sai da aka karɓi takarda kafin a ba mu. Saboda haka nake tambaya: shin waɗannan magani ɗaya ne? Ta wace hanya maganin da doka ta ce sai da takardar likita yake isa hannun yaron da bai taɓa ganin likita ba? Daga asibitoci da kemis-kemis ake karkatar da shi, ko kuwa yana da wata ƙofa dabam? Idan muka rufe kantunan, za a ga sauƙi? Sannan waɗanda ƙwayar ta riga ta kama, ina za mu nufa da su?

Mai Famasi, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, Malam Baban Sadiya. Lambar nan da kuka lura da ita ta amsa rabin tambayarku. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, ta yi rajistar ƙwayar tramadol, wato tramol, mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, kuma ƙa'idar likitanci ita ce kada babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini guda. Duk katin da kuka gani da 120 ko 200 ko 225 ko 250 bai bi ta hannun hukuma ba, babu likitan da ya rubuta shi, kuma babu asibitin da aka ɗauke shi daga ɗakin ajiyarsa, domin tun farko ba a sayo shi don asibiti ba. An yi shi ne da niyyar a sayar a titi. Yaron da ya haɗiyi guda biyu na 225 ya riga ya haure iyakar yini gaba ɗaya a lokaci guda.

Wannan ba ya nufin cewa mu masu sana'ar magani hannunmu fes yake. Karkatar da maganin halal yana faruwa, kuma zan faɗi yadda yake faruwa. A dokar ƙasar nan akwai bambanci tsakanin famasi, wanda ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, da ƙaramin kantin da muke kira kemis, wanda lasisinsa bai wuce magungunan da ake sayarwa ba tare da takarda ba, irin su farasitamol da maganin tsutsar ciki. Tramadol ko na 50 ne bai halatta a same shi a kemis ba. Amma akwai dillalin sari da zai sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi ba tare da duba lasisinsa ba. Akwai famasin da mai lasisinsa ya rataye takardarsa a bango ya tafi wani aikin, ya bar yaron shago shi kaɗai daga safe har dare. Akwai takardar likita guda da za a zaga da ita shaguna da yawa saboda babu wanda ya buga mata hatimin an bayar. Akwai kuma ragowar maganin majinyaci da ke kwance a gida har wani ɗa ya gano shi. Dayazefam, maganin sa barci, da fetidin, allurar rage raɗaɗi, ta irin waɗannan hanyoyi suka fi zurarewa. Sai dai idan aka auna da abin da ke shigowa a katan-katan, wannan ƙaramin rafi ne.

Game da dokoki, a 2018 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da dokokin zartarwa biyu, E.I. 167 da E.I. 168, ɗaya ta hana maganin tari mai kodin, ɗayar ta tsaurara shigowa da sayar da tramadol. A watan Afrilun shekarar ce kuma Indiya, inda mafi yawan wannan kaya ke fitowa, ta sanya tramadol a ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi, abin da ya sa fitar da shi ya yi wuya. Masu wannan kasuwa ba su tashi ba, kaya kawai suka sauya. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ke haɗa tapentadol, wanda ya fi tramadol ƙarfi, da carisoprodol, maganin sassauta jijiyoyi da aka dakatar da shi a Turai saboda yana kama mutum, yana turowa Ghana da Najeriya da Kwaddebuwa da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗi a matsayin magani, kuma bayan rahoton Indiya ta haramta yin sa. Don haka a cikin abin da yaranku ke saye da sunan "Red" akwai wanda ba tramol ba ne sam, ko da kwalinsa ya yi kama da wanda suka saba.

Shawarata ita ce kada kwamiti ya shiga shagon kowa da ƙarfi. Ikon bincike da rufe kantin magani yana hannun Majalisar Kula da Sana'ar Harhaɗa Magunguna da FDA, dukansu kuma suna da ofis a Kumasi. Ku rubuta musu sunan shagon da abin da aka gani, ku sa hannun liman da na sarki, ku riƙe kwafi.

Alhajin Ashaiman

Na daɗe ina aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma ina goyon bayan bayanin ɗan'uwana na Nima. Idan kuka tsaya a kan kemis kaɗai, kun bar jaki kuna dukan taiki.

A ƙa'ida, magani ba ya shigowa Ghana sai ta tashar Tema ko ta filin jirgin sama na Accra, da izinin FDA. Amma Tema ba ta Ghana kaɗai ba ce. Burkina Faso da Nijar da Mali ba su da teku, saboda haka kayansu yana sauka a nan ko a Lome ko a Kwatano ko a Abijan, a ɗora shi a tirela da takardar cewa wucewa zai yi. Kwantenar da aka rubuta za ta Wagadugu ko Yamai tana bin Kumasi da Techiman da Tamale har Paga, kuma duk wanda ya san wannan hanya ya san tsawonta da yawan wuraren da mota za ta iya tsayawa cikin dare. Wani kayan ana sauke shi tun kafin ya kai iyaka, wani yana tsallakawa sannan ya dawo kaɗan-kaɗan a bayan babur ta hanyoyin daji, wani kuma ya shigo daga gabas ta wajen Aflao a cikin kayan 'yan kasuwa. Ƙwaya ba ta da nauyi, ba ta wari, ba ta lalacewa da zafi da wuri, kuma abin da zai cika jakar baya guda kuɗinsa ya fi na buhunan masara masu yawa. Sau da yawa direban ma bai san abin da ke ƙarƙashin lodinsa ba, wani lokaci kuma ya sani sarai.

Dalilin da ya sa nake cewa matsalar ta yanki ce, ba ta Aboabo ba, shi ne kowace ƙasa tana rufe ƙofarta a ranar da ta ga dama, ba a rufewa tare. Kun tuna a 2018 da BBC ta fitar da rahoton kodin a Najeriya, har aka nuna halin da matasa ke ciki a Kano, gwamnatin can ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki. Mai kaya a hannu bai zubar ba, ya nemi inda doka ba ta riga ta iso ba. Haka ake yi da tramol. Idan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ta matsa a tashar Apapa ta Legas, jirgi ya sauke a wata tashar maƙwabta, kayan ya ƙarasa ta ƙasa. Tun a ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗin cewa tramol ɗin da ake kamawa a shekara a wannan sashe na Afirka ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 tun daga 2013, kuma wannan lissafin abin da aka kama ne kawai.

Mu Hausawa sai mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Hanyoyin da kakanninmu suka bi da goro daga Gwanja da Asante zuwa Kano, da zumuncin da ya sa ɗan zango ke da masauki a kowane gari daga Kumasi har Agadas, su ne wasu ɓata-gari ke amfani da su a yau. Mai sayarwa a unguwarku ba baƙo ba ne. Yana iya zama mai teburin sigari da alawa, ko mai shayin dare, ko wanda ke zaune a majalisar ataya da 'yar jaka a hammata, kuma ba shi da lasisin da za a ƙwace.

Maman Fati, Kumasi

Baba Alhaji da Malam Mai Famasi sun yi bayanin inda kayan ke fitowa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in yi magana a kan mutane biyu da ake mantawa da su idan rai ya ɓaci.

Na farko shi ne mai ciwo na gaskiya. Tramadol ba dafi ba ne da aka ƙirƙira don lalata matasa; wani kamfanin Jamus ne ya fitar da shi kasuwa a 1977 don rage raɗaɗi, kuma a ƙasashenmu, inda samun mofin ke da wuya, shi ne abin da mai sikila da mai sankara da wanda ya karye da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa suka fi dogaro da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ya duba batun a 2018, bai ba da shawarar a sanya shi cikin jerin ƙwayoyin da dokar ƙasa da ƙasa ta ɗaure ba, duk da cewa Masar ta nemi a yi haka. Na ga uwa ta zo da yarinya mai sikila tana murƙususu, da takardar likita a hannu, ta zaga famasi bayan famasi ana ce mata babu, ba don babu ba, sai don masu shagon sun ji tsoron a ce suna sayar da ƙwaya. Idan matasan unguwa suka fara kutsawa shaguna da sanduna, irin wannan uwa ce za ta fara ɗanɗana kuɗarta, mai 'yar jaka a hammata kuwa ko a jikinsa.

Na biyu shi ne wanda ƙwayar ta kama. Yawancinsu ba don nishaɗi suka fara ba. Lebura ne da ke ɗaukar siminti, ko yaron da ya tafi galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, yana tsaye cikin ruwa tun asuba, ko mai pragiya da dole ya kawo kuɗin mai abin hawa kafin ya nemi nasa, wasu kuma an ruɗe su da cewa yana ƙara ƙarfin namiji. Da farko guda ɗaya tana kai shi yamma, daga baya jiki ya saba sai ya ƙara, har ya kai matsayin da ba don ƙarfi yake sha ba, sai don kada ya kwanta ciwo. Ranar da ya rasa, sai gumi da hamma da majina da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da fargaba su taru masa. Shi ya sa ɗaure shi da mari a ɗaki ko yi masa duka ba ya warkar da shi. Da zarar an kwance shi zai koma, kuma komawar ta fi haɗari, domin jikinsa ya rage sabo amma shi zai sha adadin da ya saba sha. Rage maganin a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, tare da nasiha da addu'a da sauya masa abokan zama, shi ne abin da na ga yana aiki. A nan Kumasi akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, kuma asibitocin gwamnati da dama suna da ma'aikatan jinyar wannan fanni. A kudu akwai Pantang da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Accra da Ankaful kusa da Cape Coast. Iyaye su daina jin cewa kai yaro can tamkar shelar ya haukace ne. Dokar 2020 ta NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, wato Act 1019, ita ma ta karkata ga ɗaukar mai sha a matsayin mai buƙatar magani, ta sanya tara a kan riƙe ƙwaya don amfanin kai maimakon dogon ɗaurin da tsohuwar doka ta tanada, ta bar hukunci mai tsanani ga masu fatauci.

Akwai abin da nake roƙon a sanar a masallaci. Yawan tramol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan an jefa shi cikin lemon ƙara kuzari ko an haɗa da giya ko dayazefam, kuma yana iya rage numfashi har ya tsaya. Idan yaro ya faɗi yana jijjiga, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin zai shaƙe. A kawar da abin da zai ji masa rauni, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefensa, a kira 112 ko a garzaya da shi asibiti, kuma a tafi da fankon katin da aka samu a aljihunsa don likita ya san abin da yake fama da shi. Idan barci ne mai nauyi da minshari da numfashi sama-sama har leɓɓansa suka sauya launi, kada a ce a bar shi ya huta.

Dattijon Asawase

Na karanta bayananku, Allah Ya saka da alheri, amma ban gamsu da a ce mu rubuta takarda mu zauna jira ba. Mun san shagunan da ke da lasisi a bango, da rana suna sayar da maganin zazzaɓi, bayan Isha'i kuma yara suna layi ta taga. Wanda ke da shago a tsakiyar unguwa, yana salla a sahunmu, ya fi mai yawo da jaka laifi a wurina, domin an amince masa. Mutanen Tamale ba su jira kowa ba. Sun kafa rundunar sa-kai da goyon bayan sarakunansu, suna kamawa suna ƙonawa a bainar jama'a, kuma ko ba komai sun sa masu sayarwa sun san ana ganinsu. Gwamnati ta ƙaddamar da gangamin "Red Means Stop" a 2025, mun ji a rediyo, amma gangami ba ya shiga lungun da mota ba ta shiga.

Abin da na yarda da shi a maganar 'yata ma'aikaciyar jinya shi ne batun aiki. A cikinmu akwai masu pragiya goma da ke yanka wa yaro kuɗin da ba zai iya kawowa ba sai ya yi tuƙi daga Asuba har tsakar dare, akwai 'yan kwangilar gini da suka san leburorinsu na sha amma suka kawar da kai saboda aiki na sauri. Waɗannan suna zaune a kwamitocinmu, wasunsu ma su ne suka fi ɗaga murya a kan a rufe kemis. Idan za a kira masu shago gaban sarki, a kira su su ma.

Mai Famasi, Nima, Accra

Baba, ban ce a zauna jira ba, kuma ban kare mai sayarwa ta taga ba. Irinsa ne ke zubar mana da mutunci. Abin da nake gudu shi ne bincike ba tare da wanda ya san magani ba. Matashin da aka ba sanda ba zai bambance katin 50 mai rajista da na 225 ba, kuma idan aka ƙona kaya a fili an ƙona shaidar da kotu za ta yi aiki da ita, gobe mutumin ya dawo ya ci gaba, wataƙila ma ya kai ƙarar waɗanda suka fasa masa shago. Idan kwamiti ya tattara bayani, ya gayyaci jami'an FDA da NACOC da 'yan sanda su zo su yi kamen da kansu, dattawa na tsaye a matsayin shaidu, lasisin yana tafiya kuma shari'ar tana tsayawa. Girman kasuwar ma ya isa ya nuna cewa kame kaɗai ba zai wadatar ba: binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan rage raɗaɗi ba bisa umarnin likita ba a shekara guda, akasari tramol. Muddin akwai masu nema da yawa haka a maƙwabta, kayan zai ci gaba da ratsawa ta hanyoyinmu.

Baban Sadiya, Aboabo, Kumasi

Na gode muku baki ɗaya. Zan gabatar wa kwamiti cewa a fara da zama da masu kantunan magani na unguwa a gaban liman da sarki, kowa ya zo da lasisinsa, a kuma gayyaci jami'in FDA ya nuna wa jama'a bambancin katin da ke da rajista da wanda ba shi da ita. Shagunan da ake zargi za mu rubuta su mu miƙa, kamar yadda aka ba da shawara, kuma zan nemi a sa masu pragiya da 'yan kwangila cikin waɗanda za a kira, ko da hakan zai ɓata wa wasu rai. Maman Fati, akwai samari biyu da iyayensu suka riga suka amince a kai su asibiti. Shin sai sun fara samo takardar turawa daga ƙaramin asibiti, ko za su iya zuwa Komfo Anokye kai tsaye, kuma me ya kamata iyayen su tanada kafin ranar?